Yaya Bouakham da bishiyar da ba a sarewa

Da hantsin Litinin, uku ga watan Fabrairu, labarin rasuwarki ya iske mu, Yaya Bouakham. Mu 'yan Laos mazauna Minneapolis ta Amurka mun yi rashin uwa, ni kuma na rasa yayata.

Ba mai tuna ki bai tuna bishiyar bodi ba, irin wadda Buddha ya zauna a inuwarta. Wani sufi na addininmu na Buddha ne ya ba ki ita tana 'yar tsiro, kika rene ta a tukunya cikin falonki har ta tokare silin. A waje sanyi zai kashe ta, a addininmu kuma ba a sare ta. Kin rame saboda bishiyar nan, Yaya, har muna yi miki tsiya.

Lokacin muna neman wurin ibada, kowa na son gida mai lambu. Ke kuwa kika kafe a kan wani rufaffen shagon sayar da motoci, saboda dogon rufinsa da bangonsa na gilashi. Tsoho Thongsy, shugaban kwamiti, ya ce, "Haba Bouakham, inda ake yi wa mutane ƙarya kan tsofaffin motoci za mu ajiye Buddha?"

Kika ce, "Yo Kawu, ba gara ya je inda aka fi bukatarsa ba?"

Da aka sayi shagon, da hannunki kika kankare baƙin mai daga daɓen, aka maido bishiyar ciki. Inda a da ake juya sabuwar mota don masu saye su gani, nan mutum-mutumin Buddha yake yau. Ofishin dillalai ya zama ɗakin sufaye, kullum kuma shinkafarki mai danƙo ce ke fara shiga kwanonsu na karɓar sadaka.

Bana bishiyar ta kai wannan rufin ma, wasu suka fara zancen rage mata kai. A gadon asibiti kika riƙe hannuna kika ce, "Ƙanwata, kar ki bari." Wannan riƙon har yau ina jin sa, kuma yana sa ni kuka.

Jiya aka yanke shawara, Yaya. Rufin za a ɗaga, ba za a taɓa ko reshe ɗaya ba.

Mun zuba ruwa da sunanki, kamar yadda muke yi wa mamata a addininmu. Ladan ya riske ki, a sake haihuwarki cikin rayuwa mai sauƙi da sanyi. Ga 'ya'yanki, Khamla da Viengsay, da jikoki, ina yi muku ta'aziyya, ni ma ku yi mini.