Duwatsun Malam Gado a Ƙarƙashin Taya

Bari in tona wa kaina asiri tun abokan tafiyata ba su riga ni ba, don su in suka ba da labarin sai sun ƙara gishiri. Gaisuwar mutuwa na je, ɓarna na yi. Ba kuma mugunta ce ta sa ba, son a ce tsoho ya yi amfani ne.

Mun tashi da asuba daga Konni, ni da maƙwabcina da direba, a wata tsohuwar mota da birkin hannunta ya daɗe da yin ritaya. Kawun maƙwabcin nawa ne ya rasu a wani ƙauye bayan Illela. Malam Gado sunansa, mai duban sama, wanda manoman yankin ba sa shuka sai ya ce a shuka. Ni kuwa lakwal ɗina, wato karatun boko, bai wuce koyon sara wa tuta ba. A taurari, kaza da 'ya'yanta na sani, sai gamzaki, shi ma don muna gamuwa a hanyar masallaci.

A Tsarnawa muka karkata arewa. Mai sayar da mai a kwalba ya faɗi farashi, direba ya yi salati kamar shi aka yi wa rasuwar. A Badagishiri muka ci ƙosai mai zafi, yajinsa har kunne. Duk inda muka tsaya zancen ɗaya ne: ruwan farko ya sauka, a shuka ko a jira? Iri ya yi tsada bana. Wanda ya zuba nasa, ruwa kuma ya ɗauke, babu na biyu.

Daga Illela kwalta ta sallame mu, muka bi jar hanya. Ƙauyen a bisa tudu yake. Direba na kashe mota sai ta fara silalewa baya, ya ce a taimaka da dutse. Na dira kamar saurayi. Gabas da wani gawo na hango duwatsu uku a jere bisa fako, sumul, kamar don ni aka ajiye su. Na kwaso su da nishi, na tare taya biyu, na ukun na ƙara don tsaro. Direba ya ce, "Baba, ashe da sauranka." Kaina ya kumbura.

Muka yi gaisuwa a zaure, aka kawo fura. Ƙanen mamacin, shi ma dattijo, ya shiga ba mu tarihin yayansa. Ya ce tun yana matashi, in an idar da sallar asuba, sai ya zauna bisa saiwar gawo yana kallon inda rana ke ɓullowa. Ya lura tana matsawa arewa kaɗan-kaɗan in bazara ta ja. Sai ya fara sa mata alama da duwatsu, kowace shekara yana gyara zamansu, har furfura ta fito masa kafin ya yarda sun zauna daidai. In rana ta fito ta kan na farko, a yi sharar gona. In ta kai na tsakiya, kaza kuma ta bayyana da asuba, a shuka hatsi. In ta kai na ƙarshe, wanda bai shuka ba ya koma wake.

"Bai bar mana komai ba sai su," in ji dattijon. "Na tsakiya muke jira. Ku taso ku gani."

Na ajiye ƙwaryar furar. Na bi su a baya kamar mai ciwon ƙafa. Muka isa gindin gawo: fako fetal, ko alamar mazauninsu babu, don ƙasar ta fi ƙarfin sawu. Direba ya duƙufa kallon sama, shi da bai san tauraro ko ɗaya ba.

Na ce, "Suna ƙarƙashin mota."

Aka sa itace a madadinsu, na maido su da hannuna. Nan gardama ta tashi. Wannan ya ce nan ne, wancan ya ce a matsa. Dattijon ya ce tazarar tafin hannu a wurin nan kwanaki ce a gona. Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na ji sauƙi. Har guzurin gyaɗa suka ba ni.

Mun shigo Konni da magariba. Abin da na koyo shi ne, a garin mutane ko dutse ka gani zaune, tambayi wanda ya zaunar da shi. Yanzu kullum na fito masallaci sai na dubi gabas, in roƙa wa ƙauyen nan ruwa fiye da yadda nake roƙa wa gonata.

Amma ga abin da ban manta ba: ran nan da za mu shiga mota mu bar ƙauyen, matar mamacin ta leƙo daga bakin zaure cikin mayafin takaba. Ta dube ni, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Baƙo," ta ce, "shekara da shekaru awaki na bi ta gurin nan, ko ɗaya ba su taɓa turewa ba."