Finjalin da Abu Sundus Ya Cika

Abdulsalam, wanda kowa a unguwar Bani Harisa ta Madina ke kira Abu Sundus, Bahaushen Sudan ne, sana'arsa zuba gahawa a gidajen biki. Na san shi tun shekarar da na tare a wurin 'yata Munirat, mai aiki a kantin magani. Mutum ne mai jiki, ga tumbi. Amma idan ya ɗaga dalla, wato butar gahawa mai dogon baki, da hagu, ya jera finjalai a dama, sai ka ga gahawar tana sauka siririya kamar zare, ko ɗigo ba ya taɓa ƙasa. Da kansa yake soya 'ya'yan gahawa a kan gawayi ya daka su da hel, ƙwayar ƙamshin da Larabawa ke sa wa gahawa, aikin da yanzu an bar wa garin leda da fulas. Malamanmu na makarantar mishan sukan duba hannun yaro kafin su duba rubutunsa. Da sun ga na Abdulsalam, da sun yaba.

Ƙa'idar zuba gahawa a nan ita ce a sa kaɗan a gindin finjali. Baƙo ya sha, a ƙara masa, har ya girgiza finjalin, alamar ya ishe shi. Cika finjali har baki kuwa cin mutunci ne. Ma'anarsa: shanye ka tashi, ba a son zamanka.

Shugaban masu zuba gahawar da Abdulsalam ke aiki da su sunansa Walid, haifaffen Madina, iyayensa Hausawan Cadi. Yana da ƙanin mata da ba ya aikin komai, kuma gurbin Abdulsalam yake hango masa. Wata rana ya ja shi gefe.

"Ya Abu Sundus, ɗamarar nan taka ta kusa kai ƙara. Masu biki suna cewa tumbinka yana riga dalla shiga majalisi."

"To ya zan yi? Haka Allah ya yi ni."

"Ya shaikh, maganin yana hannunka kana yawo da shi! Gahawa tana narka kitse. Ka sha da safe kafin ka ci komai, ka sha da rana, ka yi ta sha. Kafin azumi, halas, ka koma saurayi."

Abdulsalam ya yarda. Sai dai ɗan sana'a irinsa ba ya shan gahawa ba dabino, a wurinsa wannan rashin tarbiyya ne. Kowane finjali da dabinonsa. Tumbi bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Munirat, wadda ke ce masa ammi, wato baffa, ta gaya masa gaskiya ranar da ya zo gaishe ni.

"Ammi, gahawa takan ɗan danne yunwa na ɗan lokaci, iyakarta ke nan. Dabinon da kake rakata da shi ya fi abin da take ragewa. Kuma yawanta zai sa hannunka rawa."

Ya yi dariya ya ce Walid ya fi ta sanin gahawa. A nan bai yi ƙarya ba. Walid ya san abin da yawanta ke yi wa hannu.

A wani babban biki a unguwar Aƙiƙ abin ya faru. Abdulsalam ya sunkuya gaban uban ango, hannu ya karkaɗa, gahawa ta zube a farar jallabiyar dattijon. Walid bai jira baƙi su watse ba. A gabansu ya karɓe dallar, ya ce da Larabci, yadda kowa zai ji, hannun wannan ya mutu. Cikin mako ƙanin matar Walid ya ɗaura ɗamarar zuba gahawa a gurbinsa. Labari ya zaga, babu gidan bikin da ya sake kiran Abdulsalam.

Ya koma Al-Awali, gonar dabinon wani dattijo, Shaikh Abdulrauf, yana ban ruwa yana ɗaukar kwanduna. Ya bar shan gahawa. Aiki da rana suka cinye tumbin da gahawa ta kasa. Da na yi masa barka, sai ya haɗe rai.

"Malam, tumbi bai taɓa damuna ba. Hannuna aka kashe a gaban mutane. Na yafe wa kowa a duniyar nan, ban da Walid."

Shaikh Abdulrauf ya ji labarin daga bakin ma'aikatansa, ya gwada shi da dalla, daga nan ya zama mai zuba gahawar majalisinsa. Shekaru suka shuɗe, Abdulsalam bai huce ba. Ko sunan Walid aka ambata sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Rannan ya kira ni a waya.

"Gobe bayan la'asar ka zo gona. Kada ka manta tabarau."

Na je. Ashe ɗan Shaikh ne zai yi aure, Walid kuma ya zo neman a ba mutanensa aikin gahawar bikin. Ya yi ƙiba sosai, da ƙyar ya tanƙwashe ƙafa. Majalisi cike da dattawa. Abdulsalam ya bi su ta dama, kowa kaɗan a gindin finjali, yadda aka saba. Da ya iso kan Walid sai ya ɗaga dalla sama fiye da kullum. Gahawa ta sauko siririya, ta wuce rabi, ta hau, ta tsaya daidai bakin finjali. Ya miƙa. Hannun ko motsi.

Hira ta tsaya. Walid ya dubi mai gida, mai gida yana zaɓen dabino a faranti bai ɗago ba. Ƙin karɓa wulaƙanta majalisi ne, don haka ya karɓa. Finjali ba shi da mariƙi, ga zafi, ga shi cike. Yatsunsa suka soma rawa, gahawa ta gangara a ƙirjin farar jallabiyarsa.

Abdulsalam ya sunkuya, ya ce da Hausa, a hankali, "Shanye, ya Walid. Tana narka kitse."

Shaikh Abdulrauf ya ajiye ƙwallon dabino, ya ce gahawar bikin ɗansa Abu Sundus ne zai zuba. Walid ya miƙe yana goge riga da gefen mayafin kansa, ya nemi takalmansa. Abdulsalam ya matso wurina, ya zuba mini kaɗan a gindin finjali.