Janar Ya Cinye Layin 'Yan Lantarki

A layin masu kayan lantarki kowa Janar yake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe makamin da ya wuce sukundireba ba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. In ya rage farashin ƙwan fitila, ya kai hari ke nan. In mai saye ya wuce shagon wani ya shigo nasa, ya kamo fursuna.

Da can ba haka yake ba. Ɗansa ne ya dawo daga karatun kasuwanci da wannan yare: a mamaye kasuwa, a murƙushe abokin hamayya. Kalmomin suka yi wa uban daɗi, ya saka su kamar sabuwar riga.

Abokin hamayyar kuwa Dogo ne, mai shagon da ke jikin nasa, wanda suka yi furfura tare a kan benci ɗaya. A layin, in mutum zai zagaya ba ya rufe shago. Bango yake bugawa ya ce, "Maƙwabci, ga shago nan." Dogo ya tsare na Janar har ya fi shi sanin inda kowane soket yake.

"Yau sai na ga bayanka," Janar kan ce masa da safe.

"To, fara shan shayinka kafin ya huce," in ji Dogo, yana dariya.

Wasa-wasa ƙaramar magana ta zama babba. Janar ya karya farashi, ya kuma lallashi dilan wayar wuta ya daina kai wa Dogo kaya. Dogo ya daina dariya, daga baya ya daina kawo shayin. Wata safiya mota ta zo ta kwashe kantocinsa.

"Baba, mun ci yaƙi!" in ji ɗan a waya.

"Mun ci," Janar ya ce, ya ji maganar ba gishiri.

Ciniki ya ƙaru, ba ƙarya. Amma benci ya yi masa tsawo, ga kewa da ba wanda zai faɗa wa. Rannan fitsari ya matse shi, ya miƙe ya bugi bango.

"Maƙwabci, ga shago nan."

Ya ɗan tsaya yana jiran a ce masa je ka ka dawo. Can ya lalubo kwaɗo, ya ja ƙofa ya kulle shagonsa da rana tsaka.