Abokin Gabana Na Wusasa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a cikin Birnin Zariya, wani abokina ya karɓi wayata ya saka mini wani wasan yaƙi. Irin wanda ake ba ka gari na zamanin da, ka gina ganuwa, ka tara hatsi, ka horar da mayaƙa, sannan ka haɗa kai da wasu 'yan wasa ku kafa ƙawance. Abokin nawa shi ne shugaban ƙawancenmu, ni kuma ya naɗa ni Sarkin Yaƙi. Ni da ko ragon layya sai an taya ni kayarwa. Mahaifiyata takan gan ni a tsakar gida na ƙura wa waya ido, abinci yana hucewa a gabana, ta ce, "Yau kuma wane gari aka ci?"

Akwai wani ƙawancen da muka yi iyaka da shi a taswira, kullum muna fafatawa. Shugabansu mutum ne mai baki. Kafin ya kawo hari sai ya aiko saƙo a dandalin hira inda kowa zai gani: "A gaya wa Sarkin Yaƙi ya sa a dama fura da yawa, gobe a ƙofar garinsa zan yi kalaci." Ni kuma in mayar masa: "Ranka ya daɗe, furar tana nan, amma ludayin mashi ne." Mutane daga wasu ƙawancen ma sukan leƙo don kawai su karanta mu.

Wata rana ya rubuto, "Rundunana ya iso." Na yi dariya har na ƙware, don mu mutanen Zariya ne muke mayar da runduna namiji. Na bi shi ta saƙon sirri na ce, "Wannan Hausar ai ta gida ce. Wace unguwa?" Ya ce Wusasa. A nan na san dattijo ne, Kirista, ya yi ritaya daga aikin asibiti, jikansa ne ya koya masa wasan don ya rage zaman kaɗaici bayan rasuwar matarsa. Tun daga ranar, a fili ina kiransa azzalumin sarki, a sirri kuma Baba.

Shi ya fara kawo maganar tsagaita wuta. Ya hana mutanensa taɓa mu lokacin sallar Juma'a da ranakun Sallah. Mu ma muka ɗauki alkawarin safiyar Lahadi da Kirsimeti. Ba a rubuta a ko'ina ba, wasan ma bai san da shi ba, amma an daɗe ana kiyayewa. Na taɓa ce masa mu haɗu, tunda keke mai ƙafa uku ɗaya zai kai ni Wusasa. Ya ce, "Haba Malam, sarakuna biyu masu gaba su zauna shan shayi? Bari a gama yaƙin tukuna." Muka yi dariya, aka bar maganar. Ko lambar waya ba mu karɓa ba, don gani muke kullum muna tare.

Daga baya ƙawancenmu ya girma. Wasu sababbin 'yan wasa masu ƙarfi suka shigo, ba su san Baba ba, ba su san yadda aka faro ba. Akwai wata babbar ganuwa a tsakiyar taswira da ke hannun Baba, wadda duk wanda ya riƙe ta shi ne kan gaba. Da Kirsimeti ta matso, sai ɗayansu ya lura cewa a ranakun tsagaita wuta Baba ba ya sa wa garinsa garkuwa, wato kariyar da ke hana a kawo maka hari idan ba ka kusa. Suka ce a kai masa hari da safiyar Kirsimeti, yana coci.

Na ce ban yarda ba. Na tashi takanas na sami abokina a shagonsa kusa da Ƙofar Galadima. Na ce, "Mutumin nan bai taɓa karya mana alkawari ba." Ya ajiye abin da yake yi ya ce, "Na sani. Amma sun ce in ba a yi ba za su fice, su bar mu mu kaɗai. Kuma kai, wasa ne fa." Aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da ni. Na janye mayaƙana, na aika wa Baba saƙo cewa ya sa garkuwa. Bai buɗe ba, hidimar biki ta ɗauke shi.

Ina kallo aka ƙone garin da ya daɗe yana ginawa. Dandalin hira ya cika da shewa, har wani ya rubuta maganar da ta taɓa addini. Abokina ya goge ta, ya kori mai ita, amma mutanen Baba sun riga sun gani.

Da yamma Baba ya shigo. Babu kirari, babu barkwanci. Ya rubuto mini, "Malam, na ga saƙonka, na gode. Na san ba ka ciki." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Zan bar su in dawo wajenka, mu sake ginawa." Ya ce, "Ba garin ne ya dame ni ba, ɗana. Irin wannan abin na gani da idona a waje, shi ya sa nake shigowa nan in huta. In ya biyo ni har nan, to me ya rage?" Kafin in gama rubuta amsa ya fita. Bai sake dawowa ba.

Bayan 'yan makonni na hau keke na tafi Wusasa. Sai da na sauka na gane wautata: ban san sunansa ba, ban san fuskarsa ba. Na tambayi wani mai shago ko ya san wani dattijo da ya yi aikin asibiti. Ya dube ni ya ce, "Malam, a nan ai rabin unguwar ka faɗa." Na ɗan zaga, na dawo gida.

Mun ci ganuwar, mun mamaye taswirar gaba ɗaya. Amma dandalin ya mutu, ba wanda za ka tsokana ya rama da abin da zai sa ka dariya. Ba a jima ba na goge wasan, abokina ma ya biyo baya. Muna nan tare har yau, sai dai ba mu cika tayar da zancen ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne, na ɗauka mutumin da nake gani kullum ba zai ɓace ba, shi ya sa ban yi gaggawar saninsa ba. Yanzu in raina ya kwanta da mutum, ko a ina muka haɗu, ba na jiran a gama komai kafin in neme shi. Shi kuwa Baba, in na tashi yi masa fatan alheri, ba ni da sunan da zan kira. Sai dai in ce abokin gabana, Allah Ya san wanda nake nufi.