Telan da Ya Ɗinke Aljihu a Jirgi

Rigimar da ta fi ba Tela kunya a duniya a jirgin ƙasa aka yi ta, kuma shi ya jawo wa kansa. Wani bawan Allah ne ya zauna kusa da shi, ya jingina kai da taga ya kama barci, aljihun kwat ɗinsa a yage yana reto kamar harshen kare. Tela ya kalli taga, ya kalli rufi, ya kalli takalmansa, ido ya ƙi barin aljihun nan. Can dai ya zaro allura daga wuyan rigarsa ya hau aiki. Hannu ya yi daɗi, ya gyara yagar, ya zarce ya rufe bakin aljihun ruf, tikitin mutumin yana ciki.

Da mai duba tikiti ya iso aka tashi mutumin, ya kai hannu ya ji babu ƙofa. Tela ya tsaya kai da fata wai taimako ya yi, a dubi kyan ɗinkin tukuna. Mutumin ya ce shi bai ba kowa aiki ba, barci ya zo yi. Aka sa reza aka farke, tarago duk ya ɗauki dariya. Matar Tela ba ta ɗaga murya ba, hannu kawai ta miƙa.

"Malam, ba ni allurar."

Ya ba ta, gaban kowa, yana muzurai kamar an kama shi da hannu a tukunya.

Shi dama haka Allah ya yi shi, ba shi da mazauni. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, keken ɗinki ɗaya, madubi mai tsaga, da benci da bai taɓa sanin nauyinsa ba. In kuna gaisawa ba fuskarki yake kallo ba, maɓallin da ya kusa tsinkewa yake yi wa sannu. To mutum irin wannan a ce ya zauna yini guda a kujerar jirgi, hannu a cinya?

Tun daga ranar aljihu, duk tafiyar da za su yi wurin babbar 'yarsu, sai matar ta caje shi a tasha, tun daga hula har ƙafar wando. Ta saya masa jarida, ya ninke ta ya yayyaga ya fitar da fasalin hannun riga. Ta haɗa shi da masu karta, suka kore shi, wai ya fi kallon wuyan rigunansu fiye da abin da ke hannunsa, suna zargin leƙe yake. Ta ce ya kalli gonaki ta taga kamar kowa, ya ce gona ba ta da abin gyara. Sai ya koma sintiri. Daga wannan tarago zuwa wancan, ya dawo, ya zauna, ya miƙe, ya sayi shayi ya bar shi ya huce, ya tambayi mai duba tikiti ko an kusa, alhali ya fi shi sanin hanyar.

Da shekaru suka tura, hannun ya fara rawa. Kofi ya riƙa ƙara a kan faranti, aka dawo masa da wani wando wai kalmasar ƙafa ta karkace. 'Yar ta ji labari, ta kira uwarta suka ƙulla magana: a zo da Baba ganin likita, a zo da makullin shago, mijin 'yar ya samo wanda zai karɓi wurin da keken gaba ɗaya. A tsakar ɗaki aka yi wayar, ƙasa-ƙasa, sun manta hannu ne ke rawa, kunne lafiyarsa ƙalau.

Ranar tafiya matar ta kulle shagon da kanta, ta jefa makullin a aljihun rigarta ta fita kunya, shuɗiyar nan da shi ya ɗinka mata tun gashinta yana baƙi, wadda ko wanki ba ta yarda wani ya yi mata. A tasha ta caje shi tas, ba ta sami komai ba. Ina za ta samu? Allurar tana soke a shafin jakarta ita kanta, da zarenta shuɗi a jiki. Mai caje ba ta taɓa tunanin caje kanta ba.

Ranar ko sintirin bai yi ba. Ƙafa tana kaɗawa, yatsu suna murza juna, ya zauna yana kallon aljihun da shagonsa ke ciki. Ta ce lafiya yau ka zama mutum? Ya ce tsufa ne. Rana ta take, tarago ya ɗumame, jirgi yana jijjiga kowa, sai kanta ya fara langaɓewa. Da minsharinta ya daidaita, ya zaro abarsa daga jakar. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a jirgi hannunsa ya fi samun natsuwa, don a nan kowa rawa yake, kofi da kujera da mai duba tikiti, ba wanda zai ce wane ne ya fara.

Sun isa da la'asar. Ko ruwa bai gama sha ba 'yar ta zauna gabansa ta fara lallashi, Baba ka huta, Baba ka yi mana komai, Baba hannun nan ba na aiki ba ne yanzu. Surukin yana gefe yana gyaɗa kai, kai a ƙasa. Tela ya ce shi bai gaji ba. Uwar ta ce gardama ce kawai irin tasa, cokali ma da ƙyar yake kai shi baki. Magana ta yi tsawo, 'yar ta gaji ta ce, "Mama, ba shi makullin kawai a wuce wurin," tana nuna mijinta.

Matar ta kai hannu aljihu, yatsu suka zame. Ta sake, suka zame. Ta ɗaga rigar wajen hasken taga: ga tudun makulli nan ana gani, amma bakin aljihun ya ɓace, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran tururuwa. Surukin ya ce bari ya ɗauko almakashi, ta galla masa harara ta rungume rigarta.

Tela ya ɗauki kofinsa, yana ƙara a kan faranti, ya kurɓa.

"Mai rawar hannu ne ya yi shi, jirgi yana gudu, ke kina minshari, ko sau ɗaya bai soke ki ba. Ku da naku ba ya rawa, bismilla, ku farke ba tare da kun yaga mata riga ba."