Allura Goma da Baƙin Zare

Afrakoma ta shekara ashirin tana sayar da yadi da kayan ɗinki a kasuwar Kejetiya ta Kumasi, don haka kallo ɗaya take yi wa mutum ta gane baƙo ne. Wannan tsohon da ya tsaya gaban rumfarta, ga jar ƙasar ƙauye a silifas ɗinsa, ga tef ɗin awo da ya koɗe rataye a wuya. Tela ne. Yana shafa baƙin yadi, yana kai shi dab da fuska kamar mai sansana, alhali gani yake son yi.

"Kaka, ba a ɗanɗana yadi fa, saye ake yi," in ji ta tana dariya.

Ya sa ta yanka masa, ya ƙara da allura goma. Sai ya tsaya yana murza tef ɗin.

"'Yata, zura mini baƙin zare a cikinsu duka. Ki ja shi da tsawo."

"Duka goman? Babu mai zura maka a gida ne?"

"Da akwai, shekara arba'in da ɗaya. Ranar Asabar za mu binne ta."

Dariyar ta ɗauke. Afrakoma tana lasar bakin zare, tana hango wata tsohuwa zaune gefen keken ɗinki, tana yi masa tsiya tana miƙa masa allura. Wannan zanen makokin, ta sani, ba zai ba wani ya ɗinka ba.

Ya soke alluran ɗaya bayan ɗaya a gaban rigarsa, ya yi godiya, ya shige cunkoso. Ita kuwa tunani take yi, in goman sun ƙare, wa zai zura masa ta goma sha ɗaya.