Rijiyar da Na Gani Tsaye Cikin Teku

Shekara ashirin da wani abu na yi ina zuwa Lome sarin atamfa, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni a Zongo, unguwarmu a birnin Waga. Ba cikin gari nake sauka ba. Akwai wata dattijuwa, ƙawar mahaifiyata, da aure ya kai wani ƙauyen masunta gabas da birnin. Inna nake ce mata, gidanta ne masaukina. Daga ƙofarta zuwa bakin ruwa sai an wuce itatuwan kwakwa, da filin shanya komar kamun kifi, da maƙabarta.

Bara 'yar ƙanena, wadda ke jami'a, ta zo ta ce ƙungiyarsu za ta nuna hotuna a lakwal, wato makarantar bokon unguwa, ranar Asabar bayan la'asar, kan yadda sauyin yanayi ke sa teku cin ƙasa. Na ce mata mu nan Waga ko kogi ba mu da shi, me ya haɗa mu da teku? Ta roƙe ni in zo ko don kada kujeru su zauna ba kowa. Saboda ita na je.

Sun rufe tagogin aji, sun rataya farin zane a jikin allo. Tana bayani rabi Hausa rabi Faransanci: duniya na ƙara zafi, ƙanƙara na narkewa a ƙasashe masu nisa, ruwa na hawa, ɗiban yashi kuma ya ƙara ɓata lamarin. Ni dai fifita nake, hankalina na kan tuwon da ban tuƙa ba.

Sai ga wani hoto. Wani abu dogo kamar turmin siminti da aka jera, ya fi mutum biyu tsawo, igiyar ruwa na dukansa. Ta ce rijiya ce, ƙasar da ke kewaye da ita ce ruwa ya kwashe, ya bar ta tsaye. Na dubi bakinta, shuɗin fenti. Ƙarfen rataya guga ya karkace hagu. Maficin ya faɗi daga hannuna.

"Tsayar da shi," na ce.

"Lafiya, Gwaggo?"

"Rijiyar Inna ce. Tsakar gida take."

Nan nake jan ruwan alwala, nan muke wanke kifi.

Da na koma gida na nemi lambar ɗan Inna wajen wani direban da ke bin hanyar Lome, na kira. Aka ba ta wayar. Muryarta ta tsufa ƙwarai. Ta ce sau uku suna ja da baya suna sake gini, yanzu ɗaki ɗaya suke ciki kusa da titi. Kwakwa ta tafi, masallaci ya tafi. Na tambaye ta maƙabarta, don na san maigidanta na can. Ta ce an samu an kwashe wasu, shi ba a kai gare shi ba.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa aiko mana ba. Ta ce wa zai yarda.

A taron ƙungiyar na biyu ni na roƙa a ba ni magana. Na yi da Hausa, na maimaita da Mosanci don maƙwabtanmu. Wani dattijo ɗan sarin goro ya ce ikon Allah ne, na ce ƙwarai, amma ko ikon Allah ai ana sanar da 'yan'uwa. Mata huɗu suka tsaya bayan an tashi, duk suna da dangi a bakin teku, a Gana da Benin. Muka zauna bakin baranda, kowacce ta ciro wayarta tana neman lamba. Ɗaya ta samu ƙanwarta, aka ce suna lafiya, amma ruwan rijiyarsu ya koma gishiri tun shekaru biyu.